Yadda ake ɗaukar hoton rodrana, tsuntsun hamadar Amurka da ba a bin sa da gudu

Duk mai son ɗaukar hoton rodrana (roadrunner a Turance), shawarar farko da nake ba shi ita ce ya nemi wuri ya zauna. Tsuntsun nan yana sheƙa gudun da ya kai kilomita 30 a awa ɗaya, a cikin ƙaya da tsakuwa, kai kuwa kana saɓe da kyamara mai nauyi da gorar ruwa. In ka ce za ka bi shi, abin da za ka koma gida da shi hoton wutsiya ne tana shigewa bayan kaktus, wato tsiron hamada mai ƙaya. Aikin duka ya rataya ne a kan sanin abin da yake yi a kowane lokaci na yini, sai ka riga shi zuwa wurin.

Ina zaune a Tucson, a kudancin jihar Arizona, cikin hamadar Sonora, kuma a nan na koyi abin da zan faɗa. Ana samun rodrana daga Kalifoniya zuwa Texas, ya gangara cikin Meziko, har ya miƙa gabas zuwa Missouri da Louisiana. Jihar New Mexico ta ɗauke shi tsuntsunta na alama tun 1949. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ya ɗan haura rabin mita, kusan rabin wannan kuwa wutsiya ce, nauyinsa bai cika wuce rabin kilo ba. Wanda ya tashi a karkarar Arewa ya san ragon maza, mai saɗaɗawa cikin ciyawa yana ƙyuyar tashi sama. To, danginsu ɗaya, sai dai wannan na hamada siriri ne, dogo, mai zane-zanen fari da ruwan ƙasa, kuma ba shi da kunya ko kaɗan. Yana iya tashi, amma ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a iska. Harkarsa duka a ƙasa take.

Wurin nemansa bai kai wahalar da mutane ke zato ba. Baƙi sukan nausa can tsakiyar daji suna ganin nan ne gidansa, alhali ya fi son gefe-gefe: bakin hanyar mota, gefen busasshen rafi, filin ajiye motoci, wurin cin abincin masu yawon buɗe ido, bayan unguwa inda gidaje suka haɗu da daji. Yana buƙatar fili da zai yi gudu da kuma 'yan bishiyoyin da zai fake. A Tucson akwai gandun Saguaro mai ɓangare biyu, gabas da yamma. A na gabas akwai wata hanyar kwalta mai zagaye, Cactus Forest, wadda ta kai kilomita 13, tana da daɗin bi a hankali da mota. Akwai kuma kwarin Sabino Canyon a gefen garin. Wanda ke Texas ya gwada sansanin Rio Grande Village a gandun Big Bend, wanda ke Albuquerque ya duba gefen kogin Rio Grande. Babban sauƙin shi ne rodrana ba ya ƙaura. Miji da mata suna riƙe yankinsu duk shekara, don haka in ka gan shi yau a gindin wata bishiyar meskit, gobe ma yana nan kusa. Rubuta wurin da lokacin a wayarka.

Kafin ka gan shi za ka iya ganin sawunsa a yashin rafi. Yatsunsa huɗu ne, biyu gaba biyu baya, sai sawun ya fito kamar harafin X, ba ka iya cewa ga inda ya dosa. Mutanen Pueblo, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna amfani da wannan alama don ɓatar da mugayen iskoki, tunda ba su san ta inda za su bi ba. Ka kuma buɗe kunne. Namiji yana kuka kamar kurciya, sauti shida ko makamancin haka, kowane yana sauka ƙasa da na bayansa, yawanci daga kan wani tudu ko reshe da sassafe a lokacin bazara. Suna kuma kaɗa baki ya ba da wani ƙara kaf-kaf-kaf da sauri. In ka ji wannan, ya gan ka kafin ka gan shi.

Yanzu ga lokacin da ya fi kowane albarka, wato shan hantsi. Daren hamada yana da sanyi sosai daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har raɓa ta daskare. Don ya tsimi ƙarfinsa, rodrana yakan bar zafin jikinsa ya sauka cikin dare. Masana biyu, Robert Ohmart da Robert Lasiewski, sun auna wannan a 1971, suka ga yana sauka zuwa wajen digiri 34. Da gari ya waye sai ya nemi inda rana ta fara taɓawa, ya juya mata baya, ya ɗan saki fukafukai, ya tayar da gashin bayansa har baƙar fatar da ke ƙarƙashi ta fito fili tana zuƙar zafi. Yakan daɗe a haka. Tsuntsun da ba ya tsayuwa wuri ɗaya, ga shi ya tsaya maka da kansa, ga kuma haske mai laushi.

Ni nakan yi sallar asuba in fita, domin a watan Janairu rana ba ta fitowa a Tucson sai kusan bakwai da rabi, akwai isasshen lokaci. A Yuni kuwa biyar da kwata ta riga ta leƙo, kuma a lokacin ba ya damuwa da shan hantsi sosai tunda daren ma ɗumi ne. Saboda haka hoton shan hantsi na hunturu ne da farkon bazara. Nemi dutse, ko kututture, ko katanga da ke fuskantar gabas a cikin yankinsa, ka zauna tun rana ba ta iso ba. Tunda bayansa yake ba rana, in ka zauna rana tana bayanka za ka samu baƙar fatar nan sarai, amma fuskarsa tana kallon can. Na fi son in ɗan karkata gefe, yadda zan samu bayan da kuma rabin fuska. Sai jira. Ba ya daɗewa bai waiwayo ba, don ko yana shan ɗumi idonsa na kan shaho da karen daji. Lokacin da ya waiwayo hasken rana ya faɗa cikin ƙwayar idonsa, nan za ka danna.

Batun zama ƙasa ba wasa ba ne. Hoton da aka ɗauka a tsaye yana nuna tsuntsu a kan tsakuwa, kalarsa da ta ƙasa sun saje, babu abin da ya fito. In ka sauko daidai tsayin idonsa, abin da ke bayansa yakan yi nisa ya narke, shi kuma ya fito da kwarjininsa. Amma ƙasar Sonora ba a zama mata da ka. Arizona tana da macizai masu kacau-kacau a wutsiya har iri 13, ga kunama, ga tururuwa masu cizo. Duba gindin dutse da ƙarƙashin ciyawa kafin ka durƙusa, kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba. Sai kuma kaktus ɗin da ake kira coya, wanda gaɓoɓinsa ke kakkaryewa su zube ƙasa, ko shafarsa ka yi sai ya maƙale a wando ko a fata. Kada ka cire da hannu. Ajiye matajin kai a aljihu, ka zura haƙoransa tsakanin fata da gaɓar ka fincike. Ina tafiya da wata tsohuwar tabarmar roba mai kauri don in shimfiɗa, ta fi mini wasu kayan kyamara masu tsada amfani.

In gwiwa ba ta yarda da durƙuso, mota ta wadatar. Rodrana bai ɗauki mota a bakin komai ba, amma da ka buɗe ƙofa ka sa ƙafa waje ya san mutum ne. Sauke gilashi tun kafin ka iso, ɗora ƙaramin buhun shinkafa ko wake a bakin tagar ka jingina kyamara a kai, sannan ka kashe inji, don girgizarsa tana sa hoto ya yi dishi-dishi.

Kayan aiki ba sai na ja dogon bayani ba. Gilashin kyamara mai jawo nesa daga milimita 300 zuwa 500 ya isa, kuma mai zum ya fi wanda ba ya motsi, domin tsuntsun nan yana da son sani. Sau da yawa in ka yi shiru shi zai tako ya zo duba ka, har ya matso kusa da ƙafarka yana karkata kai, sai ka ga ya cika gilashin ya yi yawa. A irin wannan lokaci ko waya ma tana ɗaukar hoto mai kyau. Ƙafar kyamara mai uku ba ta da amfani sosai, tana hana ka juyawa. Filasha kuwa bar ta a gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saita kyamararka tun kana mota. In yana shan hantsi, saurin shota 1/500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ya isa. In ya fara farauta, koma 1/2000 ko sama, don ƙafafunsa da sarar bakinsa sun fi ido sauri. Buɗin gilashi tsakanin f/5.6 da f/8. Nakan fi karkata ga f/8 in ya matso, saboda tsuntsu ne dogo, in ido ya fito sarai wutsiya takan ɓace. Bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ta daidaita kanta. Sa fokas mai bin abu in yana motsi, in kyamararka tana gane idon tsuntsu kunna mata, amma ka sani cikin rassan meskit da ƙayar coya takan rikice ta kama reshe, a nan gara ka koma ɗigo ɗaya ka ɗora a kansa da kanka. Sa ɗauka a jere. Ka kuma lura da fararen zanen da ke ƙirjinsa da bakin wutsiya, rana mai ƙarfi tana ƙone su su zama fari fat babu komai a ciki. Rage haske kaɗan ya fi, musamman in kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don duhu ana iya gyara shi a kwamfuta, fari da ya ƙone kuwa ya tafi.

Da jikinsa ya yi ɗumi sai farauta, a nan ne karatun jikinsa zai yi maka amfani. Tafiyarsa gudu ne da tsayawa. In yana gudu yakan miƙe, kai da wutsiya su kwanta daidai da ƙasa, wutsiyar ce ke juya shi in zai sha kwana. In ya ja birki sai wutsiyar ta ɗago sama a hankali, tukkun kansa ya miƙe, ya duba hagu ya duba dama. Wannan tsayawar ta daƙiƙa biyu ko uku ita ce damarka, kuma tana maimaituwa, don haka kada ka ɓata memori kana harbin bayansa. Dubi inda ya dosa, ka auna fili na gaba da zai ratsa, ka jira shi a can. Ka bar masa sarari a gaba cikin hoton, kuma don Allah kada ka yanke wutsiya. In rana ta same ta daidai, gashinta yana ƙyalli kore-kore kamar tagulla.

Akwai abu biyu a fuskarsa da suka cancanci ka matso da zum. Bayan idonsa akwai wata fata marar gashi, shuɗiya daga gaba, ruwan lemo daga baya. Yawanci gashi yana rufe ta, sai in ya fusata, ko yana neman mace, ko wani abu ya ja hankalinsa take bayyana. Na biyu gashin ido ne, dogaye baƙaƙe, wanda mutane ba sa yarda tsuntsu yana da shi sai sun gani a hoto. Wani lokaci kuma za ka ga ɗan farin abu a kusa da hancinsa. Gishiri ne. Yana da wata hanya a gaban ido da yake fitar da gishirin da ya yi masa yawa, don kada ya ɓata ruwan jikinsa, kasancewar mafi yawan ruwan da yake samu daga abin da ya ci ne.

Abincinsa kusan duk abin da ke motsi ne kuma zai shiga baki: fara, ƙwaro, kunama, shanshani, manyan gizo-gizo, ɓera, 'ya'yan tsuntsaye, da ƙadangare wanda shi ne na kullum. Yakan buɗe fukafukai farat ɗaya a gaban ciyawa don ya firgita abin da ke ɓoye, yakan kuma yi tsalle ya cafke fara a iska. In ya kama ƙadangare babba, ba ya haɗiyewa nan take. Zai nufi dutse mafi kusa ya riƙa maka shi har ƙasusuwa su yi laushi. Da ka ga ya kama, duba dutsen da ke kusa ka kai fokas can, za ka samu kusan minti guda yana wuri ɗaya. Yana haɗiya ta kai. In maciji ne mai tsawo, sai ka gan shi yana yawonsa da sauran jelar tana reto daga bakinsa, yana zura ta kaɗan-kaɗan yayin da na cikin ke narkewa. Wannan hoto ne da ke sa yara dariya, manya kuma su yamutsa fuska.

Kowa yana tambayar faɗansa da maciji mai kacau-kacau. Gaskiya ne yana kashe su, yawanci ƙanana, yana rawa a gabansu da fukafukai a buɗe har ya samu ya cafki kai. Amma abu ne da ba kasafai ake dacewa da shi ba, kuma ra'ayina shi ne wanda ya fita don wannan hoton kaɗai zai ɓata safiya mai kyau yana jiran abin da ba zai zo ba. Mafi muni su ne masu kamo maciji ko ɓera su ajiye a fili don su haɗa faɗa. Wannan ba ɗaukar hoto ba ne, zalunci ne ga dabba biyu.

Daga wajen Maris zuwa Mayu lokacin neman aure ne, a hamadar Sonora kuma sukan sake yin sheƙa bayan ruwan damina ya sauka a Yuli da Agusta. Alamar da za ka kula da ita mai sauƙi ce: in ka ga rodrana ɗauke da ƙadangare yana gudu bai ci ba, to ko dai toshi zai kai, ko 'ya'ya zai ciyar. In toshi ne, zai tsaya gaban macen yana kaɗa wutsiya hagu da dama, yana sunkuyar da kai, yana wani ƙaramin kuka, abin nan yana reto a bakinsa, kuma sau da yawa ba ya sakar mata sai bayan sun sadu. A nan buɗe zum ka ɗauke su su biyu, ka ƙara zuwa f/8 ko f/11 don kowa ya fito.

In kuwa ya shige cikin coya ko meskit da abincin ya fito baki wayam, akwai sheƙa. Suna gina ta da itatuwa, mita ɗaya zuwa uku daga ƙasa, ƙwai biyu zuwa shida, kwanci kusan kwana 20, namiji ne kan kwana a kai da dare. 'Ya'yan ba sa ƙyanƙyashewa rana ɗaya, shi ya sa za ka ga wani ya fi wani girma nesa ba kusa ba, kuma cikin mako uku sun bar sheƙa. Kada ka je gindinta. Dokar Amurka ta kare tsuntsaye, wadda ta samo asali tun 1918, ta haɗa da rodrana da ƙwansa da sheƙarsa, kuma ko babu doka, sawunka da tsayuwarka suna nuna wa hankaka da karen daji inda za su duba. Zauna nesa a kan hanyar da iyayen ke bi. Suna ta kai da komo da abinci iri-iri a baki, hotunan da za ka samu a nan sun fi na 'ya'ya cikin duhun ƙaya kyau. In ka ga uban ya tsaya da abinci yana kallonka ya ƙi shiga, ka yi kusa, ja baya.

Haka batun ba su abinci. A cikin gandun gwamnatin tarayya haramun ne ciyar da namun daji, haka ma kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. A unguwanni kuwa akwai masu jefa musu niƙaƙƙen nama, har tsuntsun ya saba yana ƙwanƙwasa ƙofar gilashi. Akwai wani dattijo a kusa da mu mai yin haka, da kyakkyawar niyya, na kuma san dalilin da ya sa abin ke da daɗi. Matsalar ita ce tsokar nama zalla ba ta da sinadarin ƙashi da suke samu in sun haɗiye ƙadangare dungurungum, in iyaye suka ciyar da 'ya'ya da ita sai ƙafafunsu su tashi a lanƙwashe. Mai lambu da ke son rodrana ya riƙa zuwa, ya daina fesa maganin ƙwari, ya bar tarin duwatsu a kusurwa don ƙadangaru su samu gida, ya ajiye ruwa a faranti marar zurfi. Sai dai ya sani, in yana rataye ruwan sukari don ƙananan tsuntsayen nan masu shan fure, rodrana yakan laɓe a ƙasa ya yi tsalle ya cafke su, don haka a ɗaga shi sama sosai.

Zafi shi ne ke rufe kasuwa. A Yuni Tucson tana haura digiri 40 a kai a kai. Tun wajen ƙarfe tara ƙasa ta fara tururi, kawalwalniya ta tashi, kuma tunda kana kwance daf da ƙasa da gilashi mai jawo nesa, duk hoton da ya wuce 'yan mitoci zai fito a narke komai tsadar kyamararka. Babu saitin da ke gyara wannan, sai dai ka matso ko ka haƙura. Shi ma tsuntsun a lokacin ya shige inuwa, baki a buɗe, maƙogwaro yana kaɗawa da sauri don ya sha iska. Ɗauki wannan sau ɗaya in ka samu, sannan ka ƙyale shi ya huta, kada ka tashe shi daga inuwar. Yakan sake fitowa da la'asar sakaliya, hasken yamma ma yana da kyau, kuma a lokacin ne na fi ganin yana wankan ƙura, wanda in rana tana bayansa ƙurar takan yi ja.

Riƙe ruwa kamar lita huɗu in za ka yini, sa hula mai faɗi da takalmi rufaffe, ka gaya wa wani inda ka nufa, don akwai wuraren da waya ba ta kamawa. Kada ka canja gilashi a fili in iska tana kaɗawa, shiga mota ka rufe. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba, in ka hango hadari a kan duwatsu, fita daga cikin busasshen rafi ko da ɗigo bai taɓa ka ba, domin ruwan da ya sauka can sama yakan iso da ƙarfinsa cikin 'yan mintoci.